DVR ko NVR: wanne zaka dauka in kai zaka ja wayar kamarar tsaro da hannunka?

Duk wanda yayi niyyar saka kamarar tsaro mai waya a gidansa da kansa, abu na farko da zai rikita shi shine kwalaye iri biyu da suke kama kamar an tsaga kara, kamara hudu ko takwas a ciki, bakin akwati guda daya, hoton jikin kwalin ma iri daya, sai dai daya an rubuta DVR daya kuma NVR, wato sunan bakin akwatin nan da yake ajiye bidiyon. Mutane da yawa suna zaba ne da lambar megafiksel din da aka buga da manyan baki, alhali ainihin bambancin yana cikin wayar da zaka ja, kuma ita wayar nan ita ce aikin gaba daya. Daura kamara a bango da sukuru uku ba wani abu bane, amma shiga silin, huda bango, bin bututu, wannan sau daya mutum yake so yayi shi. Kamara zata tsufa ka canza ta, wayar kuwa tana nan inda ka binne ta, shi yasa ni daga wajen waya nake fara duba maganar.

Tsarin DVR shine wanda ake cewa analog. Kamarar bata da wani wayo, hoto take dauka ta tura shi danye ta cikin wayar koaks, irin mai zagayen nan ta eriyar talabijin, shi DVR din ne yake karba ya matse ya ajiye. Kada kace analog ai tsohon yayi ne mai hoto dishi-dishi, an wuce wajen tuntuni, yanzu akwai HD-TVI da Hikvision suka fi amfani dashi, da HD-CVI na Dahua, da kuma AHD, duk suna kawo 1080p har sama da haka ta koaks din, kuma yawancin DVR na yanzu suna karbar dukkansu har da tsohon analog din na da. Matsalar dai koaks yawanci hoto kawai take dauka, wuta daban zaka kai wa kamarar, 12V, shi yasa ake yin wayar tagwaye, koaks irin RG59 manne da wasu siraran wayoyi biyu na wuta.

Tsarin NVR kuma kamarar IP ce, ita kanta karamar kwamfuta ce, tana da adireshinta a netwok, ita take matse bidiyon ta tura ta wayar intanet, Cat5e ko Cat6, shi NVR ajiya kawai yake yi da nunawa. Wutar kuma ta cikin wayar nan guda daya take zuwa, shine PoE. Ka'idar farko ta PoE, 802.3af, ta fito a 2003, tana bada wat 15.4 daga tushe, kusan 12.95 ke isa ga na'urar, sai 802.3at a 2009 ta kai wat 30, sai 802.3bt a 2018 ta haura 60 har 90. Kamarar gida ta yau da kullum bata cin abin da ya fi karfin ta farkon, sai dai in irin mai juyawa da zuko nesa ce wato PTZ, ita tana iya neman ta biyun.

To mu zo kan jan wayar. A PoE waya daya ce siririya mai laushi, tana lankwasa cikin bututu ba gardama, daga kamara zuwa bayan NVR shikenan. A analog wayar tagwayen ta fi kauri ta fi taurin kai a kwana, sannan in ka iso wajen DVR zaka tarar kowace kamara tana da baki biyu, daya BNC, wato kan koaks, na hoto, daya na wuta, kamara takwas baki sha shida kenan, ga akwatin raba wuta ko tarin adafta a soket, in baka lika wa kowace waya suna ba wallahi ranar da daya ta mutu sai ka zare su daya bayan daya kana kallon allo. Akwai dabarar da masu analog suke yi, su ja Cat5e din su sa balun a baki biyun, wani dan karamin abu da yake juya siginar koaks ta bi wayar intanet, sauran silin wayar kuma su dauki wutar 12V. Dabarar tana aiki, kuma tana da amfani babba, duk ranar da kaso komawa IP wayarka tana nan sai dai ka canza kai. In har kudi ne ya tura ka analog to a ganina haka ya kamata kayi, kada ka binne sabuwar koaks a bango.

Hada kan waya shine inda sabon hannu ya fi jin tsoro, kuma anan kam analog ya fi sauki a ido. BNC sili daya ne a tsakiya da raga a zagaye, ka fere, ka tura, ka matse, abin lura kawai kada gashin ragar ko daya ya taba silin tsakiya, in ya taba hoto ya tafi. Irin BNC din da ake murdawa da hannu kuwa ka bar shi, yana sakewa, mai matsewa da filaya ya fi. RJ45 kuwa, wato kan wayar intanet, sili takwas ne kuma dole su jeru daidai, tsarin T568B da aka fi bi shine fari-lemo, lemo, fari-kore, shudi, fari-shudi, kore, fari-ruwan kasa, ruwan kasa, kuma baki biyun iri daya zaka yi. Na farko da na biyu zasu baka haushi, daga nan hannu ya saba, musamman in ka samu kan da silin suke bullowa ta gaba ka gani da idonka kafin ka matse. Ka sayi testa dan karami mai fitilu takwas, kada ka tsaya canki-canki, domin kamarar IP tana iya kamawa da kan da bai zauna sosai ba, tayi aiki yau gobe ta dauke, ka dinga zargin kamara alhali kai ne.

Wayoyin da suke zuwa cikin kwali da kai a hade, yawanci mita 18, suna rage wahala amma suna da nasu. Ramin da zaka huda dole ya fi girma don kan ya wuce, tsawon kuma ko ya gaza ko ya yi yawa ka nade saura a silin, sannan na analog din da yawansu ba RG59 na gaske bane, wata siririyar waya ce da bata jure nisa. In zaka sayi nadi guda ka yanka da kanka, ko koaks ko Cat6, ka tabbatar tagulla ce zalla. Akwai wacce ake rubutawa CCA, alminiyam ne aka shafa wa tagulla a sama, ta fi arha, ta fi asarar wuta a hanya, tana karyewa a wajen lankwasa, kuma ga PoE bata dace ba sam. Ka kankare silin da wuka, in kaga fari a ciki to ita ce.

Maganar nisa ita ce inda analog yake da bakin magana. Wayar intanet iyakarta mita 100 ne tsakanin na'ura da na'ura, ka'ida ce, koaks mai kyau kuwa tana kai hoton 1080p mita 300 ba tare da wani kari ba. Amma fa hoton ne yake kaiwa, wutar 12V bata kaiwa, kuma wannan shine abin da ba'a fada wa mutum a jikin kwali. Lissafin mai sauki ne, kamarar da take cin wat 6 a 12V tana jan rabin amfiya, ita wannan kamarar a PoE da yake aiki a wajen 48V kashi daya cikin hudu na hakan take ja, asarar da ake yi a waya kuma tana tafiya ne da ninkin abin da aka ja a kansa, kaga a waya iri daya asarar ta ragu sau 16 kenan. Shi yasa zaka ga kamarar analog mai nisa da rana lafiya lau, da dare fitilun infrared na ganin duhu suna kunnawa sai ta fara kiftawa ko ta mutu ta dawo, wutar ce bata isa. Maganinsa ka kai adafta kusa da kamarar, wanda ke nufin sai akwai soket a can, ko ka sa wayar wuta mai kauri. Akwai kuma PoC, wuta ta cikin koaks, amma sai DVR da kamarar duk sun iya, zabi ya ragu.

Ita ma mita 100 din ta PoE ba karshen duniya bace. Zaka iya sa suwic na PoE, wato akwatin da yake hada wayoyin intanet ya kuma basu wuta, a tsakiya ka kara wata 100, akwai 'yan kananan na'urorin kari da basa bukatar soket, wasu NVR din ma suna da yanayin nisa da yake rage gudun layin zuwa 10Mbps ya kai wajen mita 250. Kuma gaskiya gida nawa ne yake da kusurwar da ta wuce mita 100 daga inda za'a ajiye akwatin? Ka auna da igiya ta hanyar da wayar zata bi, hawa da sauka da kwana, ba a mike ba, ka kara 'yan mitoci na rara. Wani dadin IP din shine ba dole kowace kamara ta ja wayarta har NVR ba, in kana da kamara uku a bayan gida sai ka sa suwic daya a can, waya daya tal ta dawo. Analog mai koaks bashi da wannan, kowace kamara sai ta zo da wayarta har gindin DVR. In kuma gini biyu ne daban zaka hada, musamman inda ake tsawa, fayiba, wato wayar zaren gilashi mai aiki da haske, ta fi tagulla kwanciyar hankali tunda bata daukar wuta, wannan ma a IP kadai zaka yi shi cikin sauki.

Hoto fa? Anan ne ake yaudarar mutane. 1080p fiksel 1920 ne a fadi 1080 a tsaye, shine 2MP, 4K kuma 3840 da 2160, 8MP. Dukkan tsarin biyu suna da kamarori masu wadannan lambobin, amma a DVR sai ka karanta kananan rubutu, abin da kamara ta dauka daban abin da DVR ya ajiye daban. In kaga an rubuta 1080p Lite to 960 da 1080 yake ajiyewa, rabin fadin kenan, yana mikar dashi ne wajen nunawa, kuma DVR da yawa in ka basu 5MP ko 4K sai su rage yawan hotuna a dakika har motsi ya dinga tsalle. Kana kallo kai tsaye zaka ga tas, ranar da ka koma neman fuska a abin da aka ajiye sai kaga ba haka ba. A IP abin da kamara ta matse shi ake ajiyewa, sai dai ka duba jimillar megabit da NVR din yake iya karba. Analog kuma yana daukar datti a hanya, in wayar ta bi kusa da wayar wutar gida ko aka samu bambancin ayin, wato layin wuta na kasa, tsakanin wurare biyu zaka ga layuka suna hawa suna sauka a allo. IP ko ya zo tsaf ko ya yanke. Abu daya da analog ya fi shi, ba jinkiri, abin da ke faruwa a kofa shi kake gani a take, IP yana dan makara kadan, wanda ga gida ba wani abin damuwa bane.

Akwai ma'aunin da yake taimakawa wajen zaben kamara ko wacce iri ce, na IEC 62676-4 bugun 2014, yace don ka gane fuskar wanda baka sani ba kana bukatar kamar fiksel 250 a kowace mita ta wurin da ake dauka, 125 don ka gane wanda ka riga ka sani, 25 kuma don kawai kasan akwai mutum. Raba 1920 da 250, zaka samu kasa da mita 8, ma'ana kamarar 1080p in fadin wurin da take kallo ya wuce haka to labari kawai zata baka cewa wani ya shigo. Shi yasa lens 2.8mm mai bude sama da digiri 100 yana da kyau a tsakar gida amma a kofar shiga 4mm ko 6mm ya fi, ya matso da fuska. Kada kuma ka kai ta can kololuwa don tsoron kar a taba, mita 2.5 zuwa 3 ya isa, in ta wuce haka tsakiyar kai da hula zaka dinga dauka. Da dare kuma girman sensa, wato abin da yake karbar haske a bayan lens, ya fi yawan megafiksel muhimmanci, 4MP akan babban sensa 1/1.8 sau da yawa ta fi 8MP akan karamin sensa 1/2.8 ganin duhu, kuma irin wadannan masu babban sensa sun fi yawa a bangaren IP. Ni dai a waje na fi son turret, wato kamara mai kwallon ido a bude, akan dome mai rufin gilashi, gilashin yana tara kura kuma hasken infrared yana dawowa cikin lens hoto yayi hazo. Gizo-gizo kuwa duk wacce ka saka sai ya zo, hasken yana jan kwari, sai dai ka dinga sharewa.

Ajiya duk daya ne a tsarin biyu, faifan ajiya ne a cikin akwatin, ka sa wanda aka yi don aikin dare da rana irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, ba na tsohuwar kwamfuta ba. Kamara daya a 4Mbps tana cin wajen 43GB a kwana, hudu 173GB, kaga 2TB kwana 11 da 'yan kai kenan in suna dauka ba tsayawa. Tsarin matse bidiyo na H.265 yana rage wannan sosai akan na H.264, daukar motsi kadai ma yana ragewa. Karin da IP take dashi shine kamarori da yawa suna da ramin katin microSD, ko an dauke NVR din akwai kwafi a jikin kamarar, kuma zasu ci gaba da dauka in dai suwic daban ne yake basu wuta. Kuma ko wanne ka saya ka boye akwatin, kada ka dora shi karkashin talabijin a falo inda barawo zai fara dubawa.

In wuta ta dauke kuma, PoE ya fi saukin rikewa, UPS daya, wato batirin ajiyar wuta, a gindin NVR ya rike kamarori duka. Analog ma haka ne in akwatin wuta daya ne yake raba musu, amma da zarar ka warwatsa adafta a soket daban-daban saboda nisa to kowacce ta zama ita kadai.

Bangaren wayo, wato bambance mutum da mota da kyanwa ko reshen bishiya, tsallake layi, sauti, magana ta kamara, IP ne gaba domin kamarar da kanta take lissafin. Sababbin DVR suna yin wasu daga ciki a akwatin, wasu kamarorin TVI ma suna turo sauti ta koaks, ba laifi, amma kana daure da abin da akwatin ya iya. Wajen hada kamfani da kamfani akwai ka'idar ONVIF, wanda Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008, shi yake sa kamarar wani ta yi magana da NVR din wani, sai dai sau da yawa hoto da dauka kawai zaka samu, wayon sai an hada 'yan gida daya. Wasu kwalayen masu arha kuma kamarorinsu da NVR dinsu kadai suke aiki, ka duba kafin ka biya. Ka lura da wani abu kuma, akwai PoE na gaske mai tambayar na'ura kafin ya sake mata wuta, akwai wanda ake kira passive da yake tura 24V ko 48V kai tsaye ba tambaya, shi wannan yana iya kona abin da bai dace dashi ba.

Inda IP yake da nauyi shine saiti da tsaro. In ka cusa kamarorin a bayan NVR mai PoE yawanci da kansu suke fitowa, NVR din yana ware su a nasa karamin netwok, ba ruwanka da adireshi. Ranar da ka kawo suwic daban ko kamarar wani kamfani, ranar zaka fara koyon adireshin IP da kalmar sirrin kowace kamara, wanda bai saba ba zai iya kashe yamma guda akan kamara daya. Analog ka cusa hoto ya fito, iyakarsa kenan, kuma wanda ya cire kamarar waje ya samu koaks babu abin da zai yi da ita, wayar intanet kuwa kofa ce zuwa netwok in ba'a ware ta ba. Amma kada mai DVR ya saki jiki, shi ma akwatin yana hawa intanet don kallo a wayar hannu. Mirai, muguwar manhajar da ta addabi intanet a 2016, har ta durkusar da kamfanin Dyn a watan Oktoba manyan shafuka suka dauke, da kamarori da DVR da rauta masu kalmar sirrin kamfani ta yi aikin. Ka canza kalmar sirri ranar farko, ka kashe UPnP, saitin da yake barin na'ura ta bude wa kanta kofa zuwa intanet, kada ka bude kofa a rauta kai tsaye zuwa akwatin, ka dinga sabunta manhajarsa.

Sauran aikin hannun duk daya ne. Ka hada komai a kasa akan tebur ka gwada kafin ka hau tsani. Ramin bango ka karkata shi ya gangara waje don ruwa kar ya biyo, ka bar wayar ta dan sauko kasa ta lankwaso kafin ta shiga, ka toshe da silikon. Mahadar waya kada ta zauna a fili, ruwa a cikin RJ45 mai dauke da 48V yana cinye fil din yayi kore, ka sa ta cikin akwatin mahada ka daura murfin robar da yazo da kamarar, kuma shi murfin kafin ka matse kai ake zura shi. Kamarar waje ta zama mai lambar jure ruwa da kura IP66 ko IP67, wayar da rana zata doka ta zama ta waje ko ta shiga bututu. Kada ka hada ta bututu daya da wayar wutar gida, in dole su hadu su gitta juna. Kafin ka huda ka san inda wayar wuta da bututun ruwa suka bi, in kuma aikin ya kai ga jan sabon soket to wannan na mai gyaran wuta ne. Ka karkatar da kamarar daga tagar makwabci da tsakar gidansa, daukar sauti kuma dokarsa ta bambanta daga kasa zuwa kasa, ka duba ta inda kake kafin ka kunna.

To wanne? In gidan babu waya ko daya kuma kai zaka ja, kusurwa mafi nisa bata wuce mita 100 ba, dauki NVR mai PoE ka ja Cat6 na tagulla zalla, ka sayi mai baki takwas ko da kamara hudu zaka fara dasu, kuma duk inda ka sha wahalar kai waya daya ka ja biyu ka bar daya a nade. In ka tarar da koaks mai lafiya a bango daga tsohon tsari, kada ka fasa gini, sayi DVR na zamani da kamarorin TVI ko CVI ka dora akai, DVR din ya zama irin wanda yake karbar kamarar IP daya ko biyu a gefe, sai ka kara sababbin wurare da Cat6. In fili ne mai fadi, kofa tana can mita 200 ko 300 kuma akwai wuta a wajen, analog zai kai maka hoton da waya daya ba tare da na'ura a tsakiya ba. In kuma aljihu ne yace analog, tunda kamarorinsa da akwatinsa sun fi arha, to ka ja Cat5e ko Cat6 ka sa balun, ka kuma tabbatar DVR din yana ajiye cikakken 1080p ba Lite ba.